Ranar Da Na Kira Gwaggona Mai Nono

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Duk wanda ya zauna a Kabara ya san zauren Shehinmu, Allah Ya ƙara masa yarda, Ya ja da ransa cikin lafiya da ɗa'a. Ba zan rubuta sunansa ba domin ya hana. Kogi ne a fiƙihu da tafsiri da hadisi, manyan malamai masu rawani suna zuwa su durƙusa gabansa da littafi a hannu, amma buzun da na gan shi a kai tun ina amarya shi ne yake zama a kai har yau, an yi masa faci har an gaji. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ban taɓa jin ya ambaci wani da sharri ba, kuma duk abin da aka kawo masa da safe ba ya kai la'asar a gidan. Yana da wata ɗabi'a da duk wanda ya yi karatu a wurinsa ya sani: idan mai karatu ya kauce, ba ya katse shi, sai dai ya yi gyaran murya sau biyu, na biyun ya fi na farkon taushi, mutum ya koma da kansa ya nemo inda ya ɓata.

Ni sunana Luba. Karatun bokona bai wuce aji shida ba, sai abin da nake tsinta a darasin mata da Malam yake yi mana ranar Asabar ta bayan labule. Uwargidansa, Malama Babba, ita ta ce kowa ya rubuta abin da ya gani da idonsa na baiwar da Allah Ya yi wa wannan bawa nasa, kada a bar shi a baki ya lalace. Na daɗe ina ja da baya, domin nawa labarin ba ya faɗuwa sai na tona kaina. To, ga shi.

Ɗan farina sunan mahaifina aka sa masa, Hammadu, shi ya sa muke kiransa Baffa. Tun yana ƙarami a gaban Malam ya yi allo har ya sauke. Da ya gama sakandare Allah Ya ba shi gurbin karatun likita a wata ƙasa mai suna Kirgizistan, wadda na yi wata uku kafin bakina ya iya faɗa, mutanen unguwa kuwa har yau Rasha suke cewa. Tun da ya tafi ban ƙara barci mai nauyi ba. Idan ya yi kwana ɗaya bai turo saƙo ba sai in kasa zaune in kasa tsaye. Ɗakinsa na kulle, makullin na ɗaure a bakin zanina, duk Juma'a in buɗe in share in sa turare in sake kullewa, ko ƙannensa ba sa shiga.

Mu asalinmu Fulanin ruga ne. Mahaifina ne ya sayar da rabonsa na shanu ya shigo birni, mahaifiyata kuma ta rasu ina shekara huɗu, sai ƙanwar mahaifin nawa ta ɗauke ni ta riƙe har na isa aure. Ita ce Gwaggo. Da na haifi Baffa, ita aka kai wa yaye kamar yadda aka saba yi da ɗan fari, ya zauna a ruga wurinta shekara biyu, bayan nan ma duk hutun makaranta can yake tafiya. Tana kiransa maigidana, shi kuma ya ce ya sake ta tunda haƙoranta sun zube.

A daminar da ta wuce Gwaggo ta zo birni a cire mata yanar ido. Ta sauka da ƙwaryarta da man shanu a kwalba da baƙin zanenta, jikinta yana wannan ƙanshin na hayaƙi da man shanu da na taso a cikinsa, wanda yanzu na koyi kiransa ƙarni. Maigidana Malam Salisu ya ce a buɗe mata ɗakin Baffa. Na ce katifar za ta ɗauki wari. Sai na share mata ɗakin ajiya, inda muke jibge buhunan gawayi, wanda kwanonsa yake yoyo ta kusurwa ɗaya. Ta ja tabarmarta ɓangaren da ruwa ba ya zuba.

A lokacin an riga an sa wa Baffa rana da Maryam, 'yar Hajiya Binta ta Ƙofar Nassarawa, gidan da suka kafu a birni tun kakanni. Su biyun suna son juna, ba abin da ya rage sai ya gama karatu. Ni kuwa kullum tsorona kada su raina mu, ga shi a shekarun nan ba a buɗe rediyo ba a ji an ambaci Fulanin daji da mugun abu ba. Wata ranar Laraba Hajiya Binta ta zo gaishe ni tare da ƙawayenta biyu, sai ga Gwaggo zaune a tsakar gida da bandeji a ido tana shan hantsi. Hajiya ta tsaya ta gaishe ta, sannan ta juyo gare ni.

"Wannan baiwar Allah fa, Luba?"

Wallahi ban shirya ba, bakina ne ya riga ni. Na ce, "Mai kawo mana nono ce. Ta zo asibiti, muka ce ta kwana biyu a nan."

Gwaggo ta ji. Kunnenta lafiyarsa ƙalau. Ta ɗaga hannu ɗaya ta ce, "Sannunku da zuwa, Hajiya. Nonon dai yau ya ƙare, sai wani jiƙon." Matan suka yi dariya muka shige ɗaki. Tun daga wannan rana ba ta sake kirana Luba ba. Idan na kai mata abinci sai ta ce, "An gode, Hajiya," ni da ban taɓa taka ko filin jirgi da niyyar Makka ba.

A makon ne Baffa ya samu hutu, shi da abokin karatunsa Sani suka yi hayar dawaki da ɗan jagora za su hau duwatsu su ga wani tsohon masaukin fatake da aka gina da dutse, da kaburburan musulmin da suka riga mu da ɗaruruwan shekaru. Ya turo mini hotuna: fili shimfiɗe da ciyawa iya ganinka, ba bishiya ko ɗaya, can ƙarshensa duwatsu sun tokare sama da farar ƙanƙara a kansu. Na ce masa ya dawo, ƙasar da ba bishiya ba ta mutane ba ce. Ya yi dariya ya ce, "Umma, nan ma ana kiran salla." Ya gaya mini inda za su ba sabis, kada in damu in na ji shiru.

Ranar Talata muna idar da sallar asuba wayar Malam Salisu ta yi ƙara. Sani ne, yana kuka. Ya ce tun jiya da rana gajimare ya sauko ya rufe su a kan dutse har mutum ba ya ganin kan dokinsa, dokin Baffa ya firgita ya yi gaba da shi, da yamma dokin ya dawo da sirdi ba kowa a kai. Sun nema har duhu, sun sake nema da safe, yanzu ya sauko inda waya take kamawa ne ya sanar da hukuma. Ya ce sanyin wurin da dare yana daskarar da ruwa, kuma gefen hanyar duk kwazazzabai ne.

Ban san yadda na sa hijabi ba. Malam Salisu ya tafi neman masu lambar ofishin jakadanci, ni na nufi gidan Malam. Malama Babba ta riƙe ni ta zaunar da ni bayan labule, ta aika aka gaya masa. Na ji takunsa, na ji ya zauna. Na zayyana masa komai ina shessheƙa, na ce a yi sauka, a yanka rago, ko biyu ne, zan sayar da 'yan kunnena. Ya bar ni har na gama, sannan ya yi tambaya cikin muryar nan tasa da ba ta gaggawa.

"Wa ya yaye shi?"

Na ce, "Allah Ya gafarta Malam, Gwaggona ce."

"Tana ina?"

"Tana gidana."

Sai ya yi gyaran murya sau biyu. Shekara goma sha ɗaya ina zama bayan labulen nan, na san ma'anarta: na kauce, in koma in nemo wurin. Ban gaya wa kowa abin da na faɗa ranar Laraba ba, ko maigidana bai sani ba, amma a take na ji kamar an yaye mini hijabi a tsakiyar kasuwar Ƙofar Wambai.

Ya ce, "Ɗanki yau baƙo ne a ƙasar makiyaya. Ki je ki faɗi abin da take a gare ki, a kunnen da kika faɗi wancan."

Na ce, "Ragon fa, Allah Ya gafarta Malam?"

Ya ce, "Rago ya fi sauƙi." Ya tashi ya koma zaure wurin masu karatu.

Ina so in ce da gudu na tafi, amma ƙarya ne. Ɗana yana kan dutse tsakanin rai da mutuwa, ni kuwa ina tafe a lungu ina lissafin yadda Hajiya Binta za ta dube ni. Sai na fara da mai sauƙin. Na isa gida na kwance makulli daga bakin zani na buɗe ɗakin Baffa, na je na durƙusa a ƙofar ɗakin gawayi na ce Gwaggo ta taso ta koma can.

Ta ce, "A'a, Hajiya. Mai nono ina ita ina ɗakin likita?"

Nan na fashe da kuka na gaya mata Baffa ya ɓata. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta yi kuka ba, ta dai miƙe zaune ta juyo da lafiyayyen idonta gare ni.

"Ƙasar akwai ciyawa?"

Na ce akwai.

"Akwai bisashe?"

Na ce na ga dawaki da tumaki a hoto.

Ta ce, "To akwai mutane. Na koya masa, in ka ɓata kada ka bi son ranka, ka nemi kashin dabba ka ga ɗanye ne ko busasshe. In dai bai manta ba don ya zama likita." Sai muryarta ta karye a kan kalmar ƙarshe, ta ja bakin mayafi ta rufe fuska.

Na ce mata ta tashi ta raka ni wani wuri. Muka hau adaidaita sahu zuwa Ƙofar Nassarawa, ana yayyafi, hannunta a cikin nawa saboda ido, kamar yadda nawa yake a cikin nata lokacin da take kai ni rafi. Labari ya riga mu isa. Falon Hajiya Binta cike da mata, har da ƙawayen nan biyu na ranar Laraba, Maryam tana kwance a cinyar wata tana kuka. Aka taso za a yi mini jaje. Na tsaya a bakin ƙofa ban saki hannun Gwaggo ba, idona a kan agogon bangonsu domin na kasa duban fuskar kowa. Ƙarfe sha ɗaya saura kwata.

Na ce, "Hajiya, ranar Laraba na yi miki ƙarya. Wannan ba mai kawo mana nono ba ce. Gwaggona ce, ƙanwar ubana ciki ɗaya. Ita ta raine ni da uwata ta rasu, ita ta yaye Baffa. Mu Fulanin ruga ne. A ɗakin gawayi na sauke ta."

Na jira abin da na shekara ina tsoro. Hajiya Binta ta taso, ba wurina ta nufo ba, ta kama Gwaggo ta zaunar da ita a kujerarta, sannan ta dube ni.

"Luba, ai mun sani. Hancinku ɗaya. Ban da haka ma hotonta yana wayar Maryam tun bara, Baffa ne ya turo, ya ce ga uwargidansa, sai ta yarda za a yi bikin."

Wata daga cikin matan ta yi 'yar dariya ta haɗiye. Hajiya ta rage murya, amma kowa ya ji.

"Ni abin da ya hana ni barci tun ranar, cewa na yi, wadda ta yi wa gwaggonta haka, ranar da 'yata ta zame mata abin kunya me za ta kira ta?"

Da ƙasa tana tsagewa don roƙo, da ta tsage mini a falon nan. Ashe abin da nake ɓoyewa don kada auren ya lalace kowa ya san shi, ɓoyewar ce ma ta kusa lalata shi. Maryam ta taso daga inda take ta zauna a ƙasa ta ɗora kanta a gwiwar Gwaggo. Gwaggo ta shafa kanta ta ce, "Ke ce kishiyar tawa? Daina kuka, mijin namu yana da taurin kai, ba ya mutuwa da wuri."

Ranar nan ba mu ji komai ba. Washegari ana kiran azahar wayata ta yi ƙara da baƙuwar lamba, na ɗauka, na ji an ce, "Umma." Abin da ya biyo baya ban iya tuna shi daidai ba, an ce zama na yi a tsakar gida cikin ruwa.

Sai da ya kwana biyu a asibiti aka ɗaure masa targaɗen ƙafa sannan ya ba mu labari a tsanake, muka kewaye wayar. Ya ce da dokin ya kayar da shi ya kwana a bayan wani dutse, bai yi zaton zai ga safiya ba. Gari ya waye gajimaren bai ɗaga ba. Ya yi ta jan ƙafa yana duba ƙasa har ya samu kashin tumaki ya bi, sai sawun ya ɓace masa a kan tsakuwa. Wajen la'asar ɗinsu ƙarfinsa ya ƙare, ya ga kamar ƙasa ta yi gangare ta hagu, ya ce bari ya bi nan ko ya gangara. Ya ɗaga ƙafa ke nan sai ya ji gyaran murya sau biyu a bayan kunnensa na dama, na biyun ya fi taushi.

Ya ce, "Umma, wallahi jikina ne ya tsaya da kansa, kamar ina gaban allo. Na ce na kauce."

Ya juya dama yana rarrafe. Bai yi nisa ba iska ta buɗe gajimaren kaɗan, ya waiga ya ga abin da ke hagun: kwazazzabo ne wanda ba a ganin ƙasansa. A gabansa kuma ga goɗiya da ɗanta, ga wata zagayayyiyar bukka lulluɓe da bargon gashin tumaki, hayaƙi yana fita ta samanta. Wata tsohuwa ta fito da bokitin tatsa. Ba ta taɓa ganin baƙin mutum ido da ido ba, amma da ya yi sallama ta amsa masa cikakkiya, ta ajiye bokitin ta ja shi ciki, ta kwantar da shi a shimfiɗar ɗanta, ta lulluɓe shi, ta yi ta ba shi shayi da madara da cokali. Da mazan wurin suka dawo daga kiwo suka tsaya a ƙofa suna tambayar wane ne wannan, daga ina, sai ta ce musu kalma ɗaya, balam. Ya ce a harshensu ma'anarta ɗana.

Malam Salisu ya tambaye shi ƙarfe nawa ya ji gyaran muryar. Ya ce agogon hannunsa bai mutu ba, huɗu saura kwata. Tsakaninmu da su awa biyar ne. Ni kuwa agogon bangon Hajiya Binta kawai nake gani.

Sai Baffa ya ce, "Ina uwargidana? Ku ba ta wayar. Gwaggo, kin san yadda na san na tsira? Da tsohuwar nan ta rungumo ni, ƙanshinki na ji, hayaƙi da man shanu. Na ce shi ke nan, na iso gida."

Gwaggo ta ce, "Ka ji munafuki, ka je ka yi wata tsohuwar a can." Tana dariya hawaye yana bin ƙasan bandejin. Ni kuwa na tashi na shiga ɗakin gawayi na rufe ƙofa.

Da na je yi wa Malam godiya, Malama Babba ta ja ni gefe ta ce ranar Talatar, bayan fitata da kamar awa biyu, yana tsakiyar ba manyan ɗalibai karatu sai ya yi shiru ya runtse ido, sannan ya yi gyaran murya sau biyu. Mai karatun ya koma baya ya sake duba layin, ya duba har sau uku bai ga kuskure ba. Malam ya ce masa, "Ci gaba, ba da kai nake ba."

Na durƙusa bayan labule na fara jero godiya, ya dakatar da ni. Ya ce, "Allah ne Ya tsare shi. Tsohuwa ta buɗe ƙofa a can, ke kika buɗe a nan. Ki riƙe ta a buɗe." Bai ƙara ko kalma ba, kuma har yau bai taɓa tayar da maganar ba.

Gwaggo ta yi sauran kwanakinta na jinya a ɗakin Baffa, katifar ta ɗauki ƙanshin, ban wanke ba. Ta yafe mini, amma ba a rana ɗaya ba. Sai ranar da za ta koma ruga, mun kai ta tasha ta zauna a mota, ta leƙo ta taga ta ce, "Luba, kwalbar man nan ki dawo mini da ita, ba kyauta na ba ki har da kwalba ba." Wata guda ke nan rabon da in ji sunana a bakinta. Na tsaya a tashar ina kuka har 'yan kamasho suna tambaya ko rasuwa aka yi.

Baffa bai san abin da na yi ba. Gwaggo ba ta faɗa masa ba, Maryam ma ta rufa mini asiri. A takardar nan zai gani, kuma na yarda ya gani.

Wannan shi ne abin da na shaida na karamar Shehinmu, masanin Allah, mai tsantseni, mai gyara ba tare da tozartawa ba, wanda Allah Ya nuna masa abin da ke cikin ɗakin gawayina da abin da ke kan dutsen da bai taɓa takawa ba, bai kuma ɗauki ko ɗaya abin faɗa ba. Ya Allah Ka ƙara masa kusanci, Ka tsawaita kwanansa, Ka ba mu albarkacinsa duniya da lahira. Ka saka wa tsohuwar can da ban san sunanta ba da gidan Aljanna, Ka albarkaci dabbobinta da zuriyarta. Ka ƙara wa Gwaggona hasken ido. Ni kuma, wanda duk ya karanta wannan, ina roƙonsa ya sa ni a addu'a, Allah Ya yafe mini kalmar ranar Laraba, kada Ya kira ni da wani suna ranar da nake buƙatar Ya ce baiwata ce. Amin.